Ruwan da Kayal Ta Zubo Daga Sama

"Ata, ku dube ni da kyau. Idan aka ba shi ruwa a wannan kofin, kun gama ganin ƙafata a gidan nan."

Kayal ce ke yi wa mahaifiyarta magana, tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da wani tsohon kofin silba da duk ya lotse. Daga rufin garken shanu ta zaro shi, inda yake saƙale tun kafin a haife ta. Kowane gidan masu gona a ƙauyen Kuyilpatti yana da irinsa. Ba a haɗa shi da sauran kwanuka, ba ya shiga ɗaki, kuma ba sai an gaya wa kowa na su waye ba.

Ata ba ta ko ɗago daga kan tukunyar shinkafa ba.

"Mun ji, malamar asibiti. Tun shekaranjiya kike yi mana wa'azi. Ta ƙofar gaba zai shigo, mun ji. A kan kujera zai zauna, mun ji. Saura me? Ko goya shi zan yi?"

"Ganyen da zai ci abinci a kai, ku za ku ɗauke da hannunku, kamar yadda kuke yi wa kowane baƙo. Kuma in ya tafi kada na ga an yayyafa wa gidan nan ruwan kurkur don a tsarkake shi."

"Ni 'yasu," in ji Ata, ta share ido da gefen zanenta na sari. "Wai yau ni ake koya wa karɓar baƙo a gidana."

Kayal ta wulla kofin can bayan katanga. Har sai da ta ji ƙarar faɗuwarsa sannan hankalinta ya kwanta.

Shekara uku ke nan tana son Ilango. A asibiti ɗaya suke aiki a Madurai, ita tana jinya, shi yana ɗakin gwajin jini. A can birni ba wanda ya damu da asalin wani, ko kuma dai ana damuwa a ɓoye. Sun ci a kwano ɗaya, sun sha shayi a kofi ɗaya, ta sha kwantar da kanta a kafaɗarsa a cikin bas. To sai dai Ilango ɗan mutanen bayan gari ne a can ƙauyensu, waɗanda kakanninsu ke kaɗa gangar mutuwa su kuma janye mushen shanu. Ita kuwa 'yar masu ƙasa ce, jikar masu ƙasa.

Abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa shi ne mahaifinta. Wa bai san Hedimasta Veluchami ba? Shekara talatin yana hawa dandamali yana cewa jinin mutum duk ja ne. Duk shekara yakan shirya walima inda na cikin gari da na bayan gari ke zama sahu ɗaya, a ɗauki hoto, a liƙa a bangon falonsa. Ran da ta gaya masa maganar Ilango, sai da ya yi mako guda bai ce mata uffan ba. Sannan ya kira ta a waya, ya ce, "Kawo shi ranar bikin shanu, na gan shi."

Mu dai da muka san Hedimasta mun san jawabi a dandamali daban, suruki a falo daban. Kayal ita ma ta sani, shi ya sa ta zo tun kwana biyu kafin ranar, ta sa wa kowa ido. Ta zama alƙali a gidan ubanta. A ranta ta riga ta lissafa wanda zai kwafsa: ko Ata, ko Appa mahaifinta, ko wani ɗan sa-ido daga maƙwabta. Kanta kaɗai ne ba ta sa a lissafin ba.

Wajen hantsi sai ga ƙarar babur. Durai ne, ɗan gwaggonta, wanda al'ada ta ce shi ke da haƙƙin aurenta tun ran da aka yanke mata cibi. Ba wanda ya gayyace shi. Ya kafe babur ɗinsa a kan zanen garin shinkafar da aka yi a ƙofar gida, ya haye dakali, ya kama shan rake.

"'Yar Kawu, an ce yau babban baƙo za mu yi. Da gangarsa zai zo, ko a nan za a ara masa?"

"In ka gama tofar da ɓawon rake a ƙofar mutane, hanya tana nan inda ka baro ta."

"Ina zan je? Gidan kawuna ne. Ni kallo na zo yi, kuma ban ga wanda zai hana ni ba."

Da rana ta take Ilango ya iso, cikin farar riga da aka sha guga, da ledar ayaba da alewa a hannu. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya ɗan tsaya. Tsayawar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, sai dai Kayal ta gani, ta kuma san Durai ya gani. Ta yi maza ta fito.

"Shigo mana. Appa yana jiranka."

Abin mamaki, komai ya tafi daidai. Appa ya miƙe ya ba shi hannu, ya zaunar da shi a kujerar da ke kusa da tasa. Ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi karatu, har ya nuna masa hotunan walima ɗaya bayan ɗaya. Da aka shimfiɗa ganyen ayaba, a sahu ɗaya suka zauna su uku da Durai. Ata ta zuba shinkafa mai zaƙi, ta zuba fara, ta zuba miya, fuskarta a murtuke kamar an aiko mata da mutuwa, hannunta kuwa bai yi rowa ba.

Durai ne kawai ya gwada tsokana, don masu ƙasa ba sa cin naman shanu, na bayan gari kuwa suna ci.

"Ɗan'uwa, ku a wajenku wane nama ake ci ranar bikin shanu?"

"Wanda aka samu," in ji Ilango yana murmushi. "Yau kuwa girkin gidan kawunka na samu, ban ga abin da ya fi shi ba."

"Durai, ci abincinka," in ji Appa.

Da aka gama, Ata ta sunkuya ta naɗe ganyen Ilango da hannunta, ta fita da shi. Kayal ta ji kamar ta taka rawa. Ta yi nasara, ta gyara gidansu kaf cikin kwana biyu. Har wani tausayin iyayenta ya kama ta, ta ce a ranta ashe mutane ne masu jin magana in sun samu mai gaya musu.

Aka fita wajen rijiya wanke hannu. Nan ne ta baya, kusa da dutsen wanki da ƙaramar ƙofar da masu aikin gona ke shigowa. Appa ya wanke nasa, Durai ya wanke nasa. Ilango yana cikin wankewa sai barkonon miya ya sarƙe shi, ya kama tari har idonsa ya kawo ruwa.

"Kayal, ruwa," ya ce da ƙyar.

Ta suri moɗar tagulla ta cika ta a randa, ta nufo shi da sauri.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Tun tana 'yar shekara shida aikinta ne shayar da masu aikin gona a daidai wannan dutsen. Za su shigo ta ƙaramar ƙofa da tsakar rana, su yi layi. Wanda bai samu kofin garke ba sai ya durƙusa ya haɗa tafin hannunsa. Ita kuwa ta tsaya taku ɗaya daga gare shi, ta tattare siket da hannun hagu kada ya taɓa shi, ta ɗaga moɗa sama ta tsiyayo, don kada ko ɗigo ya fantsamo ya dawo kanta. Shekara goma sha biyu tana haka, kullum, har ta tafi makarantar jinya.

Ba ta yi tunani ba. Da ta yi tunani ai da ba a yi haka ba. Ƙafarta ce ta tsaya taku ɗaya daga gare shi. Hannunta na hagu ya tattare sari ya matse a cinya. Na dama ya ɗaga moɗa sama, sama sosai, ya karkata ta.

Shi kuma Ilango, mai digiri biyu, mai farar riga, wanda likitoci ke jiran sa hannunsa kafin su ba da magani, sai ya rusuna. Ya haɗa tafin hannunsa biyu ya kai baki, ya tari ruwan yana sha.

Kurɓa uku ya yi kafin su farga, su duka biyun a lokaci guda.

Ruwan ya ci gaba da zuba a ƙasa, don hannunta ya ƙage. Ilango ya ɗago a hankali. Ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan rigar. Bai dube ta ba, tafin hannunsa yake kallo kamar na wani ne aka ba shi aro.

Ba abin da ake ji sai ƙararrawar wuyan shanu daga garke. Can sai Durai ya kece da dariya har da dukan cinya.

"Kawu, kun gani? Ni ban ce komai ba fa, ku ne shaida! Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ita ta san wurinta, shi ma ya san nasa. To mu me ya kai mu wahalar da kanmu da kujera?"

Moɗar ta suɓuce daga hannun Kayal ta gangara ƙarƙashin dutsen wanki. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Ilango ya goge hannunsa a wando, ya juya wajen Appa ya haɗa hannu.

"Ranku ya daɗe, na gode da abinci. Zan kama hanya kada bas ta wuce ni."

Ƙaramar ƙofa tana nan kusa da shi, a buɗe. Bai bi ta nan ba. Ya ratsa tsakar gida, ya ratsa falo, ya fita ta inda ya shigo.

Kayal ta yunƙura za ta bi shi, Appa ya ce, "Zo nan tukuna."

A falo ya zaunar da ita, a ƙarƙashin hotunan walima. Muryarsa a sanyaye take, kuma da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

"Kin ga na yi masa wani abu?"

"A'a, Appa."

"Uwarki fa?"

"A'a."

"To. Ni ban hana ki ba, kada gobe ki ce Appa ne ya hana. Yaron kirki ne, na yaba da hankalinsa. Shi ya sa nake tausayinsa. Yau a gabanmu ne, gobe a gaban uwarsa ne, jibi a gaban 'ya'yan da za ku haifa. Kina ganin zai iya zama da matar da bai san ran da hannunta zai sake tashi ba? Irin wannan gyaran, 'yata, ba na mutum ɗaya ba ne, na zamani ne. Ƙila jikokinki su iya. Mu dai mun yi namu, mun yi jawabi."

Ta ɗago ta dube shi cikin hawaye. Abin da ta gani a fuskarsa ya ƙara kashe mata jiki: sauƙi ne, sauƙin mutumin da aka sauke wa kaya. Mako da makonni yana neman yadda zai ce a'a ba tare da ya zubar da girmansa na shekara talatin ba, ga shi ita da kanta ta kawo masa har gida. Kuma ba ta da bakin da za ta zarge shi.

Ta tashi ta shige ɗakin girki. Ata tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Kayal ta zube a jikinta ta fashe da kuka.

"Ata, me na yi? Me na yi masa?"

"Yi shiru. Ba ki yi komai ba sai abin da na koya miki." Ata ita ma kukan take yi. "Kin manta ran da kika miƙa wa tsohuwar nan mai shara moɗa a hannu, na zane ki da tsintsiya har kika kwana da zazzaɓi? Ni ma haka aka zane ni. Ba mugunta ba ce, Kayal, haka muka tarar."

"Ni da nake ta yi muku faɗa tun shekaranjiya. Ni da na jefar da kofi."

"Kofi ai mai sauƙi ne, ana jefarwa." Ta kama fuskar Kayal da hannu biyu. "Ki ji ni, ki bar yaron nan ya tafi da mutuncinsa. Ki tausaya mini. Ƙanwarki Nila an kusa sa mata rana, in maganar nan ta fita wa zai ɗauke ta? Za su daina karɓar kasonmu a bikin haikali. Ran da ubanki ya mutu ba mai zuwa ya kama gawarsa. Gwaggonki ta ce ko a wannan watan a shirye suke a yi bikinku da Durai, kuma shi duk da bakinsa ba zai taɓa goranta miki ba. A gidansu hannunki ba zai taɓa yin kuskure ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta ɗaga Kayal tsaye. Gidan da hannunta ba zai yi kuskure ba, wato gidan da zai yi ta ɗaga moɗa har ta tsufa, ta kuma zane 'yarta da tsintsiya.

"Ina za ki? Kayal! Ko takalmi ba ki sa ba!"

Durai yana kan dakali ta wuce shi kamar iska.

"'Yar Kawu, a kawo miki moɗar ne? Ƙila bai ƙoshi ba!"

Ba ta juya ba. Ta bi layin masu gona da gudu, ta ratsa ta tsakanin shanun da aka shafa wa fenti a ƙaho ana zagayawa da su, mata na leƙowa ta ƙofa suna nuna ta da baki. Ƙasa ta yi zafi, ƙafarta na ƙuna, ba ta ji ba.

A gindin tsamiyar bakin titi ta same shi, shi kaɗai, yana tsaye. Akwai benci, bai zauna ba. Gaban rigarsa bai gama bushewa ba.

"Ilango."

"Koma gida, Kayal. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ka zage ni, ka mare ni, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Ban san na yi ba, na rantse da ran Ata ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Da gangan kika yi ai da na ji sauƙi, sai na ce na yi zaɓen tumun dare, na yi kukana na wuce."

"To ka yafe mini."

"Me zan yafe? Ke kina ganin fushi nake da ke?" Ya yi wata dariya mara daɗi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ke kin ɗaga hannu, to. Ni wa ya ce na durƙusa? Wa ya riƙe mini wuya? Ina aji huɗu na yi wa kaina alkawari, ran da na ga uwata ta rusuna a ƙofar bayan wani gida, yarinyar da ba ta kai ni tsawo ba tana tsiyayo mata ruwa. Na ce ni kam har na mutu ba zan yi haka ba. Na sha yini da ƙishirwa a gonar mutane don kada na yi. Na yi karatu kamar zan haukace. Yau ga ni da farar riga, a gaban surukai, ko gardama jikina bai yi ba."

"Laifina ne, ba naka ba."

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ruwan ya yi mini daɗi. Ina sha ina jin sanyinsa, sai da na kurɓa sau uku."

Kayal ta durƙushe a gabansa a cikin ƙura, ta kama ƙafar wandonsa.

"Tashi," ya ce da sauri. "Tashi, don girman iyayenki. Na gaji da ganin mutum a durƙushe, ko ni ko ke."

Ta tashi.

"Zan gyara, Ilango. Zan koya wa hannun nan, ko da zan ƙona shi a wuta. Mu koma Madurai, a can ai ba mu taɓa samun matsala ba. Mu ɗaura aure a ofis, mu kama ɗaki, ba ruwanmu da kowa."

"A Madurai ba ni da uwa, ke ma ba ki da rijiya, shi ya sa. Shekara uku kina cewa za ki kai ni gidanku, za ki sa su karɓe ni, za ki yi yaƙi a kaina. Kin yi, na gode. Sau nawa kika ce na kai ki namu gidan?"

Ta lalubi ko sau ɗaya a cikin shekara ukun, ba ta samu ba.

"Kullum ni ne za a shigar," ya ce. "Ni za a wanke, a goge, a zaunar a kujera. Ba ki taɓa tunanin cewa ni ma ina da ƙofar da ake shiga ba. Yau da asuba uwata ta tashi ta goge mini rigar nan. Ta ce in sun karɓe ka, ka kawo mini ita da yamma na gan ta, zan yi girki. Na ce to. Ban gaya miki ba, don ina tsoron abin da zan gani a fuskarki."

"Zan je."

"Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, a bayan maƙabarta. Abin da ta dafa ba a taɓa dafa shi a tukunyarku ba. Za ta miƙo miki ruwa da hannunta, a kofin da muke sha. Idan hannunki ya yi mata abin da ya yi mini, Kayal, ko da ɗan noƙewa ne, za ta gani. Shekara sittin tana karantar hannun mutanenku, ba ta kuskure. Ni zan iya haɗiye nawa. Nata ba zan iya ba."

"Na ce zan je."

"Kin tabbata da hannun naki?"

Ƙarya tana bakinta, a shirye, kuma da safiyar yau da ta faɗe ta ba tare da ta san ƙarya ba ce. Ta dubi hannun. Zoben da ya saya mata yana nan a yatsa.

"Ban tabbata ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ban ƙara tabbata da komai nawa ba. Sai dai in ban je ba, Appa ya yi gaskiya ke nan, Durai ma ya yi gaskiya."

Ƙarar bas ta taso daga kwanar gonakin rake. A daidai lokacin kuma wata ƙarar ta taso daga cikin gari. Babur ɗin Durai ne, da Appa a baya yana riƙe da kafaɗarsa, mayafin wuyansa na kaɗawa.

Bas ta tsaya, cike da masu komawa daga biki. Ilango ya hau, ya tsaya a kan matakala, ya kama ƙarfe da hannu biyu.

"Ba zan miƙo miki hannu ba. Na gama miƙa hannu yau. In za ki hau, ki hau da kanki."

"Kayal!" Muryar Appa ce, irin wadda yake tsayar da ɗalibai ɗari biyar da ita. "In kika taka motar nan, ki san abin da kika taka!"

Kwandasta ya busa usur. Bas ta fara motsi.

Ta kama ƙarfen ta haye, ƙafa ba takalmi, sari duk ƙura. Wata tsohuwa mai kwandon furanni ta matsa mata ta zauna. Ilango ya tsaya a gefenta, yana kallon waje. Ta taga ta hango babur ya tsaya a gindin tsamiya, Appa ya sauko yana tsaye a tsakiyar titi, yana ƙara ƙanƙancewa. A ƙarƙashin tsoron da take ji ta fara jin wani ɗan sanyi. Ta hau, da kanta ta hau. Ko ba komai ta wanke rabin abin da ta yi.

Kwandasta ya matso yana kaɗa tikiti a yatsa.

"'Yar'uwa, ina za ki sauka?"

Ta buɗe baki za ta faɗa.

"Garinsu," ta ce, ta nuna Ilango.

"To garin nasu ba shi da suna ne? Ƙauye goma sha ɗaya ne a hanyar nan. Wanne?"

Tsohuwa mai furanni ta juyo tana kallonta. Na kujerar gaba ma suka juyo. Kayal ta ɗaga kai ta dubi Ilango, mutumin da ta san lambar takalminsa, ta san cokali nawa na sukari yake sha a shayi, ta bar uwa da uba saboda shi yanzun nan. Ya sauke idonsa a kanta, yana jira ya ji.

Shekara uku, ba ta taɓa tambaya ba.